Shin Jami'ar Houston za ta taɓa ɗaukar kofin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka?

"Assalamu alaikum, Koci. Ni mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Houston ne, saboda a can Hakeem Olajuwon ya yi wasa. A watan Afrilun 2025 na hana idona barci na kalli wasan ƙarshe, suna gaba da maki 12, amma Florida ta zo ta ƙwace kofin. Shekara da shekaru ana cewa sun fi kowa iya tsaron gida, amma kullum a ƙarshe sai su faɗi. Shin salon wasan nasu ne ba ya cin kofi, ko kuwa rashin sa'a ne? Kuma da wane ido zan kalle su a gasar 2026?"

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu, wato dalilin da ya sa ƙungiyar da ta fi kowa hana abokan karawa cin maki take tsayawa a bakin ƙofa, da kuma abin da ya kamata mai goyon bayanta ya sa rai da shi nan gaba. Ra'ayina a taƙaice shi ne salon Houston ba shi ne ya hana ta kofi ba, domin shi ne ma yake kai ta inda ake maganar kofin, amma salon yana da wani farashi da ake biya a mintuna biyun ƙarshe na wasa, kuma a nan ne ƙungiyar take da giɓi na gaske.

Yadda gasar take

Gasar da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ke shiryawa a watan Maris, wadda Amurkawa ke kira March Madness, a 2011 aka mayar da adadin ƙungiyoyin da ke shigarta 68. A 2025 ƙungiyoyi 31 sun samu gurbi kai tsaye saboda sun ci gasar rukuninsu, sauran 37 kuma wani kwamiti ne ya zaɓe su bisa ga yadda suka yi a tsawon kaka. Bayan wasannin share fage huɗu da ake yi a garin Dayton, sai a rage saura 64, a kasa su yanki huɗu, kowane yanki a jera ƙungiyoyinsa daga lamba 1, wadda ake ganin ta fi ƙarfi, zuwa lamba 16. Daga nan sili ɗaya ƙwale ne, babu gida da waje, babu ramuwa. Wanda zai ɗauki kofi dole ya ci wasa shida a jere cikin kusan mako uku.

Wannan tsari shi ne abu na farko da nake so ka riƙe, domin mutanen da suka saba da NBA, gasar ƙwararrun 'yan wasa ta Amurka, inda ake buga har wasa bakwai kafin a fitar da ƙungiya, sukan yi wa ƙungiyoyin jami'a hukuncin da bai dace ba. Mu ɗauka akwai ƙungiyar da ta yi ƙarfin da a kowane wasa take da damar nasara kashi 80 cikin 100, wanda a zagayen ƙarshe babu mai irin wannan fifiko. Idan ka lissafa damar ta ci shida a jere, abin da zai fito bai wuce kashi 26 cikin 100 ba. Ma'ana, ko ƙungiyar da ta fi kowa nesa ba kusa ba, sau uku cikin huɗu za ta koma gida hannu rabbana. Virginia ta shiga gasar 2018 a matsayin lamba 1, ƙaramar jami'ar UMBC mai lamba 16 ta lallasa ta da ci 74 da 54 a wasan farko, aka yi ta cewa salon tsaron gida da jan wasa a hankali ba ya cin kofi, amma shekara ɗaya bayan nan, da koci ɗaya da salo ɗaya, Virginia ta ɗauki kofin 2019.

Abin da Houston ta yi a 'yan shekarun nan

Takaicin magoya bayan Houston tsoho ne. A zamanin koci Guy Lewis sun kai zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe sau biyar, a 1967 da 1968, sannan 1982 da 1983 da 1984 lokacin Olajuwon. A 1983, da shi da Clyde Drexler, NC State ta doke su 54 da 52 da wata ƙwallo da Lorenzo Charles ya cafe a sama ya zura ana daf da tashi, kuma duk da rashin nasarar Olajuwon aka ba kyautar gwarzon ɗan wasa. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ta ci su 84 da 75. Bayan nan ƙungiyar ta yi shekaru kusan talatin ba a jin ɗuriyarta, har sai da aka ɗauko koci Kelvin Sampson a 2014.

Idan aka bi faɗuwar da suka yi a ƙarƙashin Sampson ɗaya bayan ɗaya, za a ga ba cuta ɗaya ba ce. A 2021 sun kai zagayen huɗu na ƙarshe, Baylor ta ci su 78 da 59, kuma gaskiya Baylor ta fi su, ita ce ma ta ɗauki kofin. A 2022 sun rasa Marcus Sasser da Tramon Mark saboda rauni tun tsakiyar kaka, duk da haka suka kai zagayen takwas, inda suka riƙe Villanova a kan maki 50 kacal amma su suka tashi da 44, domin cikin jifa 20 masu maki uku ɗaya tal ta shiga. A 2023 suna lamba 1, Miami ta zura musu maki 89 a zagayen 16, wanda shi ne karon da za a ce an karya tsaron nasu da gaske. A 2024, shekararsu ta farko a rukunin Big 12, sun sake zama lamba 1, suna gaba da Duke sai jagoransu Jamal Shead ya gurɗe a idon sawu tun kafin hutun rabin lokaci, bai dawo ba, aka tashi 54 da 51.

Kakar 2024 zuwa 2025 ita ce mafi kyau. Sun fara da tangal-tangal, suka ci huɗu aka ci su uku a wasanni bakwai na farko, sannan suka miƙe. A Big 12 sun ci wasa 19 cikin 20, har da doke Kansas a gidanta bayan ƙarin lokaci sau biyu, suka haɗa da kofin gasar rukunin, suka gama kaka da nasara 35 da rashin nasara 5. Abin lura a nan shi ne duka wasanni biyar da suka rasa babu wanda tazararsa ta wuce maki biyar, kuma uku daga ciki sai da aka je ƙarin lokaci. Babu wanda ya fi ƙarfinsu a kakar nan, amma duk wasan da suka rasa a mintunan ƙarshe suka rasa shi.

Yadda tsaron nasu yake aiki, da abin da yake ci

A ƙwallon kwando na yau, yawancin hare-hare suna farawa ne da dogon ɗan wasa ya zo ya tsaya ya tare wa mai riƙe da ƙwallo mai gadinsa. Ƙungiyoyi da yawa sukan ja da baya su jira. Houston ba ta jira: mutum biyu ne ke yi wa mai ƙwallon rubdugu nan take, hannuwa a sama, su tura shi baya zuwa tsakiyar fili, sauran ukun kuma su raba mutum huɗu a tsakaninsu har sai wanda ya fita ya dawo. Haka kuma idan aka jefa wa dogo ƙwallo a gindin kwando, kafin ya juya mutum na biyu ya iso kansa. Da yake daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta yi jifa, duk daƙiƙa shida ko bakwai da aka ɓata wajen kuɓuta daga wannan tarko suna nufin za a ƙare da jifar dole. Shi ya sa a kakar 2024 zuwa 2025 matsakaicin abin da ake cin su bai kai maki 60 ba, kuma a zagayen takwas Tennessee maki 15 kawai ta iya samu kafin hutun rabin lokaci.

Ƙafa ta biyu ita ce ribawun, wato cafe ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo, musamman a kwandon abokan karawa. An san Sampson da rufe bakin kwando da murfi a wurin atisaye, yadda babu jifar da za ta shiga, kowace sai an yi kokawa a kanta. Ƙungiyar da ke dawo da ƙwallon da ta ɓarar tana iya yin jifa marar kyau kuma ta ci wasa, saboda ta fi abokiyar karawarta yawan jifa.

Farashin yana zuwa ta hanya uku. Na ɗaya, idan aka samu ƙungiya mai 'yan wasan baya da ba sa ruɗewa, suna fitar da ƙwallo daga tarkon da sauri kuma suna da hannu daga nesa, to kullum akwai mutum ɗaya da ba kowa a kansa. Abin da Miami ta yi ke nan a 2023, inda Nijel Pack ya zura jifa bakwai masu maki uku. Na biyu, wasan ƙarfi yana jawo laifi, kuma a jami'a laifi biyar ake fitar da ɗan wasa a wasan minti 40, sannan daga laifi na bakwai na ƙungiya a kowane rabi abokan karawa sun fara zuwa layin jifar kyauta. Dogo ɗaya ya yi laifi biyu da wuri, sai ya koma benci, tsarin ya raunana.

Na uku shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Houston tana cikin ƙungiyoyin da suka fi jan wasa a hankali, saboda haka yawan hare-haren da kowane ɓangare ke samu a wasa yana raguwa. Idan kai ne ka fi ƙarfi, kowane hari ƙarin dama ce ta nuna fifikonka, don haka rage yawansu yana rage tazarar da za ka bayar. Wasan da a hannun ƙungiya mai gudu zai ƙare da tazarar maki 12, a hannun Houston sai ya ƙare da bakwai ko takwas, kuma tazarar bakwai jifa biyu da kuskure ɗaya ne ke share ta. Salon yana hana a yi musu kaca-kaca, amma yana yawan kai su ƙarshen wasa ana kunnen doki, inda ba tsaro ake nema ba, mutum ɗaya ake nema wanda zai karɓi ƙwallo, kowa ya san shi zai jefa, kuma ya jefa.

Minti biyun ƙarshe

Gasar 2025 ta nuna fuska biyu na wannan al'amari cikin kwana goma. A zagayen 16, a Indianapolis, suna 60 da 60 da Purdue, saura ƙasa da daƙiƙa uku, Milos Uzan ya tsaya a layin bayan kwando zai shigo da ƙwallo. Mai gadinsa ya bar shi ya bi L.J. Cryer, Uzan ya miƙa wa Joseph Tugler, ya tako cikin fili, Tugler ya mayar masa nan take, ya ajiye ta a kwando. Wannan aikin atisaye ne, an tsara shi, kowa ya san inda zai tsaya. A wasan kusa da na ƙarshe Duke ta Cooper Flagg tana gaba da maki 14 bayan hutu, tana kuma gaba da shida saura kusan rabin minti, amma Emanuel Sharp ya zura mai uku, suka ƙwace ƙwallo Tugler ya cusa, J'Wan Roberts ya ci jifar kyauta biyu, aka tashi 70 da 67. Tsaro ne ya ci wannan wasa, domin a minti goman ƙarshe jifa ɗaya kawai Duke ta zura daga cikin fili. Wanda ya ce sa'a ba ta taɓa yi da Houston bai kalli daren nan ba.

Ranar 7 ga Afrilu a San Antonio, tsaron ya sake yin aikinsa. Walter Clayton Jr., wanda shi ne ƙashin bayan Florida, bai ci ko maki ɗaya ba kafin hutu, ya gama da 11, kuma Florida gaba ɗaya maki 65 ta samu. Duk kocin da aka ce masa zai riƙe Florida a kan 65 zai sa hannu ya karɓa. Matsalar tana ɗaya ɓangaren. A hari na kusa da na ƙarshe Sharp ya kutsa, aka taɓa ƙwallon ta bugi ƙafarsa ta fita. A na ƙarshe, suna baya da maki biyu, ƙwallon ta sake zuwa hannunsa a bayan layin maki uku, ya yi tsalle zai jefa, Clayton ya taso masa da hannu a sama. Yana sama ya ga za a tare, idan kuma ya sauko da ita a hannu laifi ne, sai ya sake ta ƙasa, kuma doka ta hana shi ya zama na farkon sake taɓa ta. Ya tsaya yana kallonta tana tsalle, Alex Condon ya faɗa kanta, lokaci ya cika. Kofi yana tazarar maki biyu, amma ƙwallon ba ta ko tashi zuwa kwando ba.

Ba na ɗora wa Sharp laifi, domin da ba don jifarsa a wasan Duke ba da ba su zo wurin ba. Abin da nake gani shi ne ƙungiyar tana da masu jifa, tana da masu tsaro, amma ba ta da wanda zai iya raba kansa da mai gadi da ƙafarsa ba tare da an tsara masa komai ba. Florida tana da shi, wato Clayton, kuma ko a daren da aka ƙuntata masa, shi ya ci makin da suka dawo da su.

Na ga ƙaramin misalin wannan a wurin yaran sakandare da nake horarwa. Tsaro abu ne da ake koyarwa: duk yaron da ke da huhu da biyayya, cikin zango ɗaya zai iya durƙusa ya bi mutum, ya san lokacin da zai kai wa ɗan'uwansa ɗauki. Amma idan na ce saura daƙiƙa 15, kuna baya da maki biyu, sai ka ga yaran da suka yi awa guda suna wasa lafiya sun fara jefa wa juna ƙwallo kamar garwashi, kowa na neman wanda zai ɗauki nauyin. Atisaye yana rage wannan, shi ya sa muke rufe kowane zama da irin wannan yanayi, amma wanda ke so a ba shi ƙwallon a lokacin, kuma yake da gwanintar da zai yi wani abu da ita, yawanci samunsa ake yi, ba ƙera shi ake yi ba.

Gasar 2026

Ina rubuta wannan amsa ne kafin a fara kakar 2025 zuwa 2026, lokacin da Cryer da Roberts sun riga sun gama shekarunsu na wasa a jami'a. Rashin Cryer babba ne saboda shi ya ci 26 a wasan Duke da 19 a wasan ƙarshe, kuma yana da gogewar da ya taho da ita daga Baylor, inda yake cikin waɗanda suka ɗauki kofin 2021. Roberts kuwa shi ne wanda ake jefa wa ƙwallo a gindin kwando idan komai ya tsaya. A ɗaya hannun, Uzan ya janye daga shiga NBA ya dawo, Sharp yana nan, haka ma Tugler wanda aka zaɓa gwarzon mai tsaro na Big 12. Uku daga cikin biyar ɗin da suka fara wasan ƙarshe ke nan, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan zamani da 'yan wasa ke sauya jami'a duk shekara. Sannan sun ɗauko sababbin ɗalibai da ake ji da su a faɗin Amurka, Chris Cenac Jr. da Isiah Harwell da Kingston Flemings, irin waɗanda a da Duke da Kentucky ne ke kwashewa.

Wannan ya juya tambayar. A da Sampson yana ɗaukar yara ya riƙe su shekara uku ko huɗu har tsarin ya shiga jininsu, gwaninta ce ke ƙaranci. Yanzu gwanintar ta zo, amma a jikin 'yan shekara 18 da 19, kuma tsaron Houston ba ya yafe jinkiri, domin mutum ɗaya ya makara da rabin daƙiƙa wajen komawa kan nasa, an samu jifa a buɗe. Saboda haka kada ka tayar da hankalinka idan aka ci su a Nuwamba ko Disamba, ka tuna yadda suka fara kakar 2024 zuwa 2025. Daga Janairu zuwa Fabrairu ne za ka sa ido, kuma ba yawan nasara kaɗai za ka duba ba. Ka duba wasannin waje da manyan Big 12, irin su Kansas da Arizona da Iowa State da Texas Tech, domin kwamitin zaɓe yana ba nasarar waje a kan babbar ƙungiya nauyi fiye da ta gida. Ka duba minti nawa Tugler ke yi a fili kafin laifi ya zaunar da shi. Fiye da komai, idan wasa ya rage minti biyu ana tazarar maki uku ko ƙasa da haka, ka lura hannun wa ƙwallon take zuwa, ko mutum ɗaya ne a kowane lokaci, kuma ko ana samun jifa mai kyau ko da ba ta shiga ba. Idan zuwa ƙarshen Fabrairu kana iya faɗin sunan mutumin ba tare da tunani ba, giɓin ya toshe.

Lambar da za a ba su ma tana da tasiri, ba don wasan farko ba, sai don wurin da za a tura su. A 2025 suna lamba 1 amma suka buga da Purdue a Indianapolis, tafiyar kusan awa ɗaya daga harabar Purdue, filin cike da magoya bayan abokan karawa. A 2026 birnin Houston yana cikin wuraren da za a yi zagayen 16 da na takwas, wasan ƙarshe kuma a Indianapolis, don haka gama kaka a sahun gaba yana iya rage musu wahalar hanya.

Ni daga nesa nake kallo, ta allo, da tsakar dare kamar yadda kake yi, kuma hasashen da aka yi kafin a fitar da jadawali a tsakiyar Maris iyakarsa ke nan, domin idon sawu ɗaya ya rushe musu 2024, kuma haɗuwa da ƙungiya irin Miami a zagayen 16 ta bambanta da haɗuwa da ƙungiyar da ta dogara da dogo ɗaya. Da wannan sharaɗi, abin da nake sa rai shi ne su kai zagayen 16 kamar yadda suka saba tun 2019, ina kuma lissafa su cikin ƙungiyoyi biyar ko shida da ke da damar kofi ta gaske. A gasa irin wannan, kasancewa cikin waɗannan shidan yana nufin damar da ba ta wuce ɗaya cikin biyar ko shida ba, kuma Sampson, wanda ya kai shekara 70, ba zai samu irin wannan taron 'yan wasa sau da yawa nan gaba ba.